Fashin baƙi: Yadda mutum ke shiga addinin Kirista ta hanyar tuba

Idan aka tara Kiristoci uku daga ɗariƙu daban-daban aka tambaye su a wace rana ce wanda ya shigo addininsu daga waje yake zama Kirista, da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Ɗan Katolika zai nuna daren da aka zuba wa mutumin ruwan baftisma. Ɗan Baftis zai ce tun ranar da ya ba da gaskiya a zuciyarsa magana ta ƙare, ruwan kuwa shaida ce da ya bayar a gaban jama'a daga baya. Shi kuma ɗan Otodoks zai haɗa nitsarwa cikin ruwa da shafa mai da cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada domin tunawa da mutuwar Yesu, ya ce abu guda ne da ba a raba shi. Saɓanin ya taɓa yin tsanani har ya ci rayuka, amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa abubuwa iri ɗaya suke lissafawa: mutum ya ji bishara, ya tuba, ya ba da gaskiya, ya furta da bakinsa, a yi masa baftisma, ikilisiya ta karɓe shi. Gardamar tana kan wanne ne a cikinsu yake zaman ƙofa, da kuma tsawon lokacin da ya kamata a ɗauka kafin a buɗe ta.

Kiristanci ya soma ne a matsayin addinin masu shigowa. Mutanen farko ba su gaje shi daga iyaye ba, shi ya sa Tatuliyan, marubucin birnin Kartaj a Arewacin Afirka, ya rubuta wajen shekara ta 197 cewa Kirista zama ake yi, ba haifarsa ake yi ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin ranar Fentikos a Urushalima, inda Bitrus, ɗaya daga cikin manzannin Yesu, ya yi wa taro wa'azi, maganar ta soke su a zuci, suka tambaye shi abin da za su yi. Amsar da ya ba su a sura 2 aya 38 ita ce ginshiƙin kowane tsari har yau: su tuba, a yi wa kowannensu baftisma cikin sunan Yesu Almasihu domin gafarar zunubai, za su kuma karɓi kyautar Ruhu Mai Tsarki. Littafin ya ce kimanin mutum 3,000 aka ƙara a wannan rana, kuma ya ɗora da cewa sun lizimci koyarwar manzanni da zumunta da gutsuttsura gurasa da addu'a, wato tun daga tushe shiga addinin shiga jama'a ce.

Bangaskiyar da ake nema tana da abin da ta ƙunsa, kuma a nan ne mutane da dama kan yi kuskuren fahimta. Girmama Yesu a matsayin malami nagari ko annabi bai isa ikilisiyoyi su lissafa mutum cikin Kiristoci ba. Abin da suke so ya amince da shi shi ne cewa Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, cewa Yesu Ɗan Allah ne da ya zama mutum, aka gicciye shi ya mutu domin zunuban mutane, ya tashi daga matattu a rana ta uku, kuma ta wurinsa ake samun gafara da sulhu da Allah. Bulus ya taƙaita batun a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura 10 aya 9, inda ya ce wanda ya furta da bakinsa cewa Yesu Ubangiji ne, ya kuma gaskata a zuciyarsa Allah ya tashe shi daga matattu, zai sami ceto. Daga irin wannan gajeren furuci ne dogayen bayanan bangaskiya suka tsiro. Wanda ake kira Shaidar Bangaskiya ta Manzanni ya samo asali daga tambayoyin da ake yi wa mai neman baftisma a ikilisiyar Roma, shi kuma bayanin Nikiya, wanda aka tsara a 325 aka faɗaɗa shi a Kustantiniya a 381, shi ne Otodoks ke sa sabon shiga ya karanta kafin ya shiga ruwa.

Tuba ita ce abokiyar tafiyar bangaskiya, kuma ta wuce nadama da hawaye. Ana so mutum ya yarda cewa shi mai zunubi ne wanda ba zai iya wanke kansa da kansa ba, ya rabu da abin da ya san saɓo ne, ya gyara abin da za a iya gyarawa. Misalin da masu wa'azi suka fi kawowa shi ne na Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda Luka ya ce ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zambata ninki huɗu.

Sai dai akwai wata tsohuwar tambaya a ƙarƙashin wannan duka: shin mutum ne yake juyowa ga Allah, ko kuwa Allah ne yake juyo da shi? A farkon ƙarni na 5 wani malami mai suna Felajiyus ya koyar da cewa ɗan Adam yana da ikon zaɓen nagarta da ƙashin kansa, Agustin kuwa, wani bishop a Arewacin Afirka, ya tsaya kai da fata cewa har son tuban ma kyauta ce daga Allah, kuma taron limamai na Oranj a 529 ya goyi bayan cewa alherin Allah ne ke fara aiki. A ƙarni na 16 Martin Luther ya ɗaga tutar cewa ta bangaskiya kaɗai ake samun barata, wato Allah ya karɓi mutum a matsayin mara laifi, ba ta ayyuka ba. Mabiya John Calvin suka ƙara da cewa Allah ya riga ya zaɓi nasa kuma kiransa ba ya faɗuwa ƙasa banza, mabiya Arminiyus, da John Wesley a bayansu, suka ce alherin yana zuwa ga kowa amma mutum na iya ƙin sa. Katolika da mabiya Luther sun rage tazarar da ke tsakaninsu da wata sanarwa ta haɗin gwiwa da suka sa wa hannu a Jamus a 1999. Ga sabon shiga dai abin da wannan muhawara ke nufi a aikace ɗaya ne: babu ikilisiyar da za ta ce masa ya sayi matsayinsa da ƙoƙarinsa.

Labarin tuba da ya fi kowanne shahara shi ne na Shawulu mutumin Tarsus, kuma a ganina shi ne wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kowa ya riƙe hasken da ya kayar da shi a hanyar Dimashƙu da muryar da ta tambaye shi dalilin da yake tsananta mata. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne sauran surar. Ya yi kwana uku ba ya gani, ba ci ba sha, a wani gida da ke titin da ake kira Miƙaƙƙe, har sai da wani almajiri mai suna Hananiya, wanda da farko ya ji tsoron zuwa, ya shigo ya ɗora masa hannu ya kira shi ɗan'uwa. Daga nan ne idanunsa suka buɗe, aka yi masa baftisma, ya ci abinci. Ko da ya isa Urushalima almajirai ba su yarda da shi ba sai da Barnaba ya tsaya masa. Wato mutumin da ya ce ya ji murya daga sama ma bai tsallake ruwa ba, bai kuma tsallake buƙatar wanda zai shaide shi ba. A nan ya kamata a gyara wani zato: ba a ranar tubarsa aka sauya masa suna zuwa Bulus ba. Littafin ya ci gaba da kiransa Shawulu har sura 13, inda ya nuna cewa sunayen biyu duk nasa ne. Sauya suna al'ada ce da wasu ikilisiyoyi suke so, musamman ɗaukar sunan wani waliyyi, amma ba sharaɗi ba ne na zama Kirista a wurin mafi yawansu.

Yawancin masu shigowa tafiyarsu ta fi kama da ta Agustin. An haife shi a 354, mahaifiyarsa Monika Kirista ce, amma ya shafe kimanin shekara tara yana bin addinin Mani, ya koma falsafa, ya daɗe yana sauraron wa'azin Bishop Ambros a Milan, da farko don jin daɗin iya maganarsa kawai. Abin da ya faru a lambu a 386, lokacin da ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta, ya buɗe Romawa sura 13, ƙarshen doguwar kokawa ne. Bayan haka ma sai da ya ba da sunansa, ya zauna aka koyar da shi, aka yi masa baftisma a daren Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, na 387 tare da ɗansa da wani amininsa. Masana zamantakewa sun lura da irin wannan. John Lofland da Rodney Stark, a binciken da suka wallafa a 1965 kan wata ƙaramar ƙungiyar addini a Amurka, sun gano cewa waɗanda suka shiga su ne waɗanda shaƙuwarsu da 'yan ƙungiyar ta rinjayi shaƙuwarsu da na waje, kuma daga baya Stark ya yi amfani da wannan wajen bayanin yaɗuwar Kiristanci a daular Roma. Bisharar Yahaya ma ta nuna cewa Andarawas ne ya kawo ɗan'uwansa Bitrus wurin Yesu.

Wani abin mamaki shi ne yadda tsawon jira ya sauya. A Ayyukan Manzanni babu ɓata lokaci. Wani babban ma'aikacin fadar Habasha, ma'ajin sarauniya, yana cikin keken dokinsa yana karanta Ishaya, Filibus ya yi masa bayani, da suka iso wurin ruwa aka yi masa baftisma nan take. Mai gadin kurkukun Filibi a daren da ya tambayi yadda zai sami ceto aka yi masa, shi da mutanen gidansa. Taron Urushalima, wajen shekara ta 49, ya ƙara sauƙaƙa hanya da ya yanke cewa wanda ba Bayahude ba ba sai ya yi kaciya ya ɗauki dukan shari'ar Musa ba, hukuncin da ya raba zama Kirista da zama ɗan wata ƙabila. To amma kafin ƙarni na 3 jiran ya kai shekara uku. Dalili kuwa a fili yake. Mutanen farko galibi Yahudawa ne ko masu tsoron Allah da suka riga suka san Littattafai, na baya kuwa daga bautar gumaka suke fitowa, sai an fara da su daga tushe. Ga kuma tsanani: wasiƙar da gwamna Filini ya aika wa sarkin Roma Tarajan wajen 112 ta nuna ana gwada wanda ake zargi ta hanyar sa shi ya miƙa turare ga siffar sarki ya zagi Almasihu. Ikilisiya tana buƙatar sanin wanda zai iya tsayawa.

Wani tsohon littafin tsarin ibada da ake dangantawa da Hifolitus na Roma ya nuna yadda abin yake kusa-kusa. Mai son shiga ba ya zuwa shi kaɗai, sai da waɗanda za su shaide shi. Tambayar farko da ake yi masa ta shafi sana'arsa: mai sassaƙa gumaka, da mai tsaron gidan karuwai, da mai faɗan kisa a dandalin wasa, dole su bar aikin ko a sallame su. Yana sauraron koyarwa, amma ba ya cin Jibin Ubangiji. Idan lokaci ya yi, abin da ake bincike shi ne ko ya girmama gwauraye, ko ya ziyarci marasa lafiya, kuma littafin ya ce hali ake dubawa, ba yawan kwanaki ba. Ana azumi, a kwana ana karatu da addu'a, da carar zakara a gangara ruwa. A tambaye shi sau uku ko ya gaskata da Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, kowace amsa a nitsar da shi sau ɗaya, sa'annan a shafe shi da mai, a shigar da shi cikin taro, a ba shi gurasa da ƙoƙo, har da madara da zuma.

Bayan sarki Konstantin ya halatta addinin a 313 lamarin ya juya. Jama'a suka yi ta kwararowa, baftismar jarirai ta zama ruwan dare, dogon shirin manya ya yi ta dusashewa. Shi kansa Konstantin sai da ajali ya matso a 337 aka yi masa baftisma. Daga nan tarihi ya cika da sarakunan da suka shiga suka ja talakawansu, kamar Ezana na Aksum a ƙarni na 4 da Baladimir na Kiyef a 988. Wannan ya kai mu ga babi mafi muni. Sarki Shalman, mai mulkin yammacin Turai, ya kafa dokar kisa ga duk ɗan ƙabilar Sakson ta ƙasar Jamus da ya ƙi baftisma, har malamin fadarsa Alkuwin ya yi gargaɗi cewa ana iya tilasta wa mutum shiga ruwa amma ba a iya tilasta masa bangaskiya. A Sifaniya a 1492 an ba Yahudawa zaɓi tsakanin baftisma da barin ƙasa. Yau manyan ikilisiyoyi sun yi tir da wannan a rubuce. Majalisar Batikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, ta fitar da sanarwa kan 'yancin addini a 1965, dokar Katolika ta hana a tilasta wa kowa karɓar addinin, kuma a 2011 Batikan da Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da ƙawancen masu bishara na duniya sun fitar da ƙa'idoji tare da suka haramta yaudara da matsin lamba da sayen mutane da abin duniya. Ba a nufin an daina samun masu yin haka, sai dai bisa koyarwar addinin kansa tubar da aka saya ko aka ƙwata ba tuba ba ce.

A Katolika ta yau hanyar tana da matakai sanannu, domin majalisar nan ta Batikan ta umarci a farfaɗo da tsohon shirin, aka kuma fitar da sabon tsarinsa a 1972. Mutum yana farawa da tambayoyi ba tare da wani alkawari ba. Idan ya yanke shawara, a karɓe shi a gaban jama'a, a yi masa alamar gicciye a goshi, ya shiga sahun masu koyo tare da wanda zai tsaya masa. Koyon kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. A Lahadin farko ta azumin kwana 40 bishop yana karɓar sunayen waɗanda suka shirya. Sai daren Ista: a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir a shiga da shi coci cikin duhu, a yi dogon karatu, a albarkaci ruwa. A tambayi mutumin ko ya rabu da Shaiɗan da dukan ayyukansa, ya amsa, a tambaye shi bangaskiyarsa, ya amsa, sa'annan a zuba masa ruwa sau uku ana cewa, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." A sa masa farar riga, a ba shi kyandir, a shafa masa mai a goshi domin tabbatarwa, ya ci Jibin Ubangiji karo na farko, duk a dare ɗaya. Otodoks suna da nasu salon mai ƙarfi: mai shiga yana fuskantar yamma ya yi musun Shaiɗan sau uku har ya tofa, ya juyo gabas ya furta cewa ya haɗa kai da Almasihu, a nitsar da shi sau uku, a shafa masa mai a goshi da idanu da kunnuwa da ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Anglikan da Metodis da mabiya Luther suna bin hanya mai kama da wannan amma mafi sauƙi, da ajin koyarwa da baftisma da tabbatarwa.

Ɗaya ɓangaren ya samo asali ne daga Zurik a Janairun 1525, lokacin da wasu suka yanke cewa baftismar jariri ba baftisma ba ce tunda jariri ba ya tuba, suka yi wa juna sabuwa. Hukuma ta ɗauki abin da zafi, har aka nitsar da ɗayansu, Felix Manz, a kogin birnin a 1527. Baftis, waɗanda suka kafa ikilisiyarsu ta farko a Amsadam a 1609, sun riƙe wannan ra'ayi, kuma yawancin masu bishara da 'yan Fentikostal na yau a kansa suke. A wurinsu muhimmin abu shi ne sabuwar haihuwa, wadda Yesu ya yi wa Nikodimu maganarta a Yahaya sura 3. Mai wa'azi yana gama huɗuba ya ce wanda yake so ya karɓi Yesu ya ɗaga hannu ko ya fito gaba, a bi da shi wata gajeriyar addu'a ta amincewa da zunubi da roƙon gafara da miƙa rai, a ce masa daga yau shi ɗan Allah ne. Wannan kiran fitowa gaba sabon abu ne idan aka auna da tsawon tarihin addinin. Charles Finney ya yaɗa shi a Amurka a shekarun 1830 da wani benci da yake warewa a gaba domin masu damuwa da zunubansu, Billy Graham kuma ya kai shi manyan filayen wasa a ƙarni na 20, ko da yake shi yana ajiye masu ba da shawara da ke rubuta sunan mutum su haɗa shi da wata ikilisiya. Addu'ar kanta babu ita kalma da kalma a cikin Littafi Mai Tsarki, kuma fastoci da yawa daga cikin masu wannan ra'ayi suna kokawa kan masu fitowa gaba yau a neme su gobe a rasa. Saboda haka ikilisiyoyinsu masu tsari suna sa sabon tuba ajin baftisma, su saurari shaidarsa, kafin a nitsar da shi a gaban jama'a a rubuta shi cikin membobi. 'Yan Fentikostal, waɗanda farkawar titin Azusa a Los Anjalas a 1906 ta yaɗa tafarkinsu, suna ƙara sa ran baftismar Ruhu Mai Tsarki da magana da harsuna, amma mafi yawansu ba sa ɗaukar ta sharaɗin ceto. A can gefe kuma akwai ɗariƙu irin su Kwekas da Rundunar Ceto da ba sa yin baftismar ruwa sam.

Idan za a kwatanta, abin ya yi kama da aure, wanda yake da yarda a zuci, da ɗaurawa a gaban shaidu, da zaman tare, kuma wanda ya riƙe ɗaya ya watsar da sauran bai cika shi ba. Ni dai ina ganin kowane ɓangare yana tsare wani abu da ɗayan ke iya sakaci da shi. Masu fifita ruwa suna tunatar da cewa mutum ba ya naɗa kansa Kirista a ɗaka shi kaɗai, masu fifita zuciya kuma suna tunatar da cewa ana iya jiƙa mutum sharkaf ya fito yadda ya shiga. Ko Katolika ma ta yarda cewa wanda ya mutu yana shirin baftisma, ko aka kashe shi saboda bangaskiya kafin a yi masa, ba a rufe masa ƙofa ba, ana kuma yi masa jana'izar Kirista. Duk ɓangarorin suna tuna ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi ba tare da ya taɓa ruwa ba.

Ya kamata a bambanta mai shigowa daga waje da mai sauya ɗariƙa. Tun muhawarar da aka yi tsakanin Sifiriyan na Kartaj da Istifanus na Roma wajen 256, ra'ayin da ya yi rinjaye a Yamma shi ne baftisma sau ɗaya ake yin ta. Katolika tana karɓar wadda aka yi a wata ikilisiya muddin an yi ta da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sai dai ta ƙi amincewa da ta Mormon a hukuncin da ta yanke a 2001 saboda bambancin fahimtarsu game da Allah. Baftis kan nitsar da wanda aka yi wa yana jariri, kuma a wurinsu wannan ce ta farko, ba maimaici ba.

Akwai kuma nauyin da sabon shiga ke tararwa a gida. Bulus ya shawarci wanda ya ba da gaskiya alhali matarsa ko mijinta bai bayar ba da kada ya kashe auren muddin ɗayan ya yarda su zauna. Batun mai mata fiye da ɗaya ya fi wuya. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambet ya hana yi masa baftisma a 1888, sai a 1988 ya sassauta cewa ana iya karɓarsa da matansa bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba kuma jama'ar ikilisiyar sun yarda, ita kuwa dokar Katolika tana so ya zauna da ɗaya, a kuma kula da haƙƙin sauran. Sashe na 18 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya amince da 'yancin sauya addini, amma akwai ƙasashen da dokokinsu ko al'ummarsu ke tsananta wa mai yin haka, kuma jihohi da dama a Indiya suna da dokokin taƙaita sauya addini, tun daga ta Odisha a 1967. Wannan ne ya sa ake samun masu bi a ɓoye, kuma ikilisiyoyi kan jinkirta baftismarsu ko su yi ta a asirce.

Bayan ruwa ana sa ran mutum ya ci gaba da koyo, ya riƙa sujada tare da jama'a, ya riƙe addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. Katolika ta ware kwana 50 daga Ista zuwa Fentikos domin ƙarin bayani ga sababbi, masu bishara kuma suna kiran wannan mataki almajiranci. Idan kuma mutum ya ja da baya fa? Tambayar ta taso da ƙarfi a 250, lokacin da sarki Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga allolin Roma ya karɓi takardar shaida, Kiristoci da yawa suka yi ko suka sayi takardar. Wani limamin Roma mai suna Nobatiyan da magoya bayansa suka ce babu komowa, amma taron Kartaj na 251 ya yanke cewa a karɓe su bayan sun yi zaman tuba, ba tare da sabuwar baftisma ba. A kan wannan Katolika da Otodoks suke har yau, mai komowa yana zuwa ya furta zunubinsa a gaban limami. Mabiya Calvin suna cewa wanda ya tuba da gaske ba zai ɓace har abada ba, wanda ya tafi bai komo ba kuwa dama can bai shiga ba, mabiya Wesley kuma suna cewa mai bi na gaske yana iya faɗuwa, yana kuma iya tashi ya sake miƙa ransa.